Labari cikin baitoci a ajin matasa: abin da malaman Damagaram suka gani

Malami a wata sakandare da ke Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa malamai. A bana na gwada wa ɗaliban da ke shirin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare wani dogon labari da aka tsara cikin baitoci maimakon zube, kuma ina so in ji yadda ta kaya ga waɗanda suka riga ni. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, yaran bayan aji, waɗanda ke sunkuyar da kai da zarar sun ga shafi cike da rubutu, su ne suka fara ɗaga hannu, domin ɗango, wato layi ɗaya na baiti, gajere ne, ana kai ƙarshensa kafin numfashi ya ƙare.

Malama daga Zango:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ma na ga haka, amma kada daɗin murya ya ruɗe mu, domin yaranmu sun tashi da karatun allo da waƙoƙin Islamiyya, rerawa ba ta yi musu wuya. Wata yarinya ta rera mini baiti shida ba tuntuɓe har aji ya tafa mata, amma da na tambaye ta wace ce ta bar gida a labarin, uwar ko ƴar, sai ta yi tsit tana murza bakin hijabinta. Tun daga ranar, in an yi baiti biyar sai in sa a kife takarda, wani ya tashi ya ba mu labarin da bakinsa.

Malami daga Mirriya:
Ni tawa matsalar daban ce. Kwafi ɗaya gare ni, a allo nake rubutawa suna kwafa, kuma labarin ba shi da amsa-amo. Wani yaro ya ce mini, "Malam, wannan ai ba waƙa ba ce," saboda ƴar ƙwar biyu da ƴar ƙwar biyar, wato waƙoƙi masu ɗango biyu ko biyar a baiti, ya sani. Ban yi musu da shi ba, sai na sa shi ya haɗe ɗangogin su zama zube. Da ya zo inda kalmar "shiru" take zaune ita kaɗai a layi, bayan mutuwar uban, ya manna ta da sauran ya karanta, shi da kansa ya ce nauyinta ya tafi.

Tsohon malami mai ritaya:
Allah ya yi muku albarka. A nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa a 1973, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, amma har yau yawancin littattafanmu daga Kano suke zuwa. Ku riƙa nuna wa yara cewa 'y ɗinsu ita ce ƴ ɗinmu. Malamin Mirriya, in da hali ka aiko mini da shafin nan mai "shiru", ina so in gwada wa jikata.