Me za mu kira ganin shafi kafin a buga shi?

Jama'a, ina neman kalma, ga kuma abin da ya sa.

Daren jiya Yayana ya kira ni ransa a ɓace. An sabunta masa manhajar rubutu a kwamfuta, ya rubuta wasiƙa mai shafi biyu, ya tura wa firinta, sai ga takarda uku. Ta ukun ba komai a kanta sai "Naka" da sunansa, can sama su kaɗai. Ya ce, "Ƙanena, abin nan da nake dannawa in ga takarda kafin ta fito, ina suka kai shi?" Na ce, "Wane abu, Yaya?" Ya ce, "Ɗan hoton nan na takarda da gilashin ƙara girma." Mun fi minti goma muna "abin nan, abin can". Na san abin da yake nufi, shi ma ya sani, amma ba mu da sunan da za mu kira shi da Hausa. Wannan ya fi ɓatan maɓallin ci mini rai.

A manhajoji da yawa Print Preview ake rubutawa a kansa. Aikinsa ya nuna maka shafin dungurungum yadda zai fito a takarda: faɗin gefe, inda shafi ya yanke, lambar shafi, hoton da ya zame.

Kuma abin ba ya zama wuri ɗaya. A manhajar rubutu ta Word, na 2003 yana cikin jerin File, da fuskarsa daban, har kana iya kashe gilashin ka gyara rubutu a ciki. Na 2007 ya zo da sabon tsarin maɓallai, aka mai da shi ƙarƙashin zagayayyen maɓallin Office. A na 2010 aka haɗe shi da wurin bugawa: ka danna Ctrl da P, zaɓuɓɓukan firinta a hagu, hoton shafi a dama, kallo kawai ba taɓawa. Ko sunan Turancin bai tsaya ba, don wata manhajar rubutun, OpenOffice, Page Preview take cewa. To idan abu yana yawo haka, kwatance da wuri ko da hoto ba zai riƙe ba. Sunan aikin muke bukata, wanda ko ina aka kai maɓallin zai bi shi.

Na ga wasu suna rubuta "samfoti". Na jarraba shi a kunnen mutum uku da ke aiki da kwamfuta kullum, babu wanda ya gane. Ɗaya ya ɗauka samfur nake nufi. Kalmar da sai an fassara ta kafin Bahaushe ya fahimta ba ta rage mana aiki ba.

Wani malami ya kawo "rigya-gani". Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ma'anar ta fita tsaf, an riga an gani. Sai dai ka sa shi a baki: "Ka yi rigya-gani kafin ka buga." Harshe yana tuntuɓe. Kuma bai faɗi me aka gani ba. Zai hau kan bidiyo, zai hau kan hoto. Ina ganin a ajiye shi don wannan faffaɗar ma'anar.

"Gwaji" ba shi ba ne, don gwajin bugu yana cin takarda da tawada, wannan kuwa an yi shi ne don kada a ci su.

Wanda ya fi jan hankalina da farko shi ne "madubin shafi". Yana da daɗi, yana da hoto a ciki. Na daɗe ina juya shi. Abin da ya hana ni shi ne madubi juya abu yake yi, dama ta koma hagu, kuma a harkar bugu akwai ainihin bugun da ake juyawa haka, kamar wanda ake mannawa a riga da zafi. Ranar da muka zo neman sunan wancan, za mu tarar mun riga mun kashe kalmar a inda ba nata ba.

Sai na koma ga yadda Hausa ke ƙera suna daga aikatau da abin da ya faɗa wa: duba-gari, share-fage, cika-ciki. A wannan ma'auni akwai biyu, "duba-shafi" da "leƙa-shafi". Duba yana da nauyi, duba rubutu shi ne bin sa layi-layi ana farautar kuskuren harafi. Ba wannan ake yi a nan ba. A nan ja da baya kake yi ka ga siffar takarda, ko da ba ka iya karanta kalma ɗaya. Leƙe kuwa kallo ne na ɗan lokaci, daga bakin ƙofa, kafin a shiga. Daidai abin.

Na san za a ce leƙe yana da ƙaurin suna. Gaskiya ne, amma muna cewa "bari in leƙa su in dawo", ba wanda yake jin wani abu.

Ku gwada da ni: "Ka yi leƙa-shafi kafin ka buga." "Leƙa-shafin ya nuna uku, ba biyu ba." "Ina aka mai da leƙa-shafi a sabuwar?" Duk sun zauna. Tsohon nan da ake iya gyara a cikinsa kuma, "leƙa-shafi mai gyara".

Na sake kiran Yaya da safe. Na ce, "Yaya, danna Ctrl da P, leƙa-shafi na nan a dama." Bai tambaye ni me kenan ba. Da muka leƙa, sai ga dalilin takarda ta uku: ƙirar harafi ta canja, tazarar layi ta ƙaru, girman takarda kuma ya koma Letter, wadda ta fi A4 gajarta, milimita 279 maimakon 297. Muka mai da shi A4, muka rage tazarar, sunansa ya hau ƙasan shafi na biyu.

Ni dai leƙa-shafi zan riƙa rubutawa daga yau. Saura ɗan kwamitson da ke tsakanin "sabuntawa" da "ɗaukakawa", don wanda ya sabunta wa Yaya manhajar "ɗaukakawa" ya kira aikin, kuma ban gamsu ba.