Me ya sa 720 720 take rabuwa da kowace lamba daga 1 zuwa 16?

Ɗalibar Zango:
Assalamu alaikum malamai. A darasin PPCM (lamba mafi ƙanƙanta da wasu lambobi duka ke raba ta ba saura) an ce 720 720 ce lamba mafi ƙanƙanta da kowace lamba daga 1 zuwa 16 ke raba ta ba saura. Yaya ake tabbatar da haka ba tare da an yi rabawa goma sha shida ba? Kuma masu raba ta nawa ne gaba ɗaya?

Malamin Birni:
Wa alaikumus salam, ƴata. Farfasa ta za ki yi. Duk lamba mai gida uku da aka rubuta sau biyu a jere, ita ce aka ninka sau 1001. Ke nan 720 720 = 720 × 1001. To 1001 = 7 × 11 × 13, shi kuma 720 = 16 × 9 × 5. Idan kin haɗa: 2⁴ × 3² × 5 × 7 × 11 × 13.

Yanzu duba da kyau. 16 na buƙatar 2 har huɗu, 9 na buƙatar 3 guda biyu, sai 5, 7, 11, 13 kowace ɗaya. Sauran, irin su 12, 14 da 15, daga waɗannan ake gina su. Ki cire ko guda ɗaya, wata lamba za ta ƙi shiga, shi ya sa babu ƙasa da ita. Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne su ninka 1 × 2 × 3 har 16, su samu 20 922 789 888 000. Tana rabuwa, amma an maimaita 2 da 3 fiye da bukata. A 17 ne abin ya tsaya: idan aka raba 720 720 da 17, saura 5.

Mai lissafi daga Sabon Gari:
Allah ya ƙara sani, Malam. Batun masu raba ta, ƙanwata: ki ƙara 1 a kan kowane ƙaramin lamba na sama (4 na 2⁴, 2 na 3², sai 1 ga 5, 7, 11 da 13 kowace), ki ninka. 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 240. Ɗayan da ake ƙarawa shi ne zaɓin kada a ɗauki wannan lambar sam. Wanda ya manta da shi 8 zai samu. Babu lamba ƙasa da ita mai masu rabawa 240, kuma irin waɗannan lambobi, da suka fi duk na ƙasa da su yawan masu rabawa, su ne masanin lissafi Ramanujan na Indiya ya yi nazari a kansu a 1915. Jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, 2 529 072 ne, ya fi ninkinta uku.

Dattijon Garin Malam:
Madalla. Da ƙidayar kasuwarmu, inda dala ɗaya sefa biyar ce, sefa 720 720 dala 144 144 ce, wato 144 × 1001. Ga masu rabon gado kuwa, rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi duk suna fita daga 24, kuma 24 na shiga cikinta sau 30 030 cif. Amma a yi hattara, ƙarewa da sifili bai sa 25 ta raba ta ba, don 5 ɗaya ce tak a cikinta; saura 20 ke ragewa. Haka 27 da 32 ba sa shiga.