Faɗuwa da gangan don samun zaɓin farko: kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Mai-Sixers: Salamu alaikum, 'yan uwa masu raba dare saboda NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Kowa ya faɗi abin da ya gani bayan ƙungiyarsa ta samu babban gurbi a zaɓen sabbin 'yan wasa, inda ake jefa ƙuri'a tsakanin ƙungiyoyin da suka fi faɗuwa don sanin mai zaɓin farko. Bari in fara da nawa ciwon. Da Sam Hinkie ya zama manajan ƙungiyarmu, Philadelphia Sixers, a 2013, sai ya rabu da duk mai ɗan amfani, aka ce mu yi haƙuri. A kakar 2015-16 wasa 10 kacal muka ci cikin 82. Ƙarfe ɗaya na dare zan lulluɓa da bargo kar hasken waya ya tashi uwargida, in ƙona data ina kallon ana lallasa mu. Embiid da muka ɗauka na uku a 2014, shekara biyu ciwon ƙafa bai bar shi ya taka fili ba. Sai muka ɗauki Okafor, sai Simmons. Wanda ya fi ci min rai na 2017 ne: muka ƙara wa Boston wani zaɓin don mu hau na ɗaya, muka ɗauki Fultz, su kuma suka ɗauki Tatum a gurbinmu na uku. A 2023 Embiid ya zama gwarzon kaka, Tatum ɗin nan ya kore mu a zagaye na biyu na wasannin neman kofi.

Ɗan Spurs: Sannu da haƙuri, yallaɓai. Mu dai ta yi mana rana. A 1996-97 tauraronmu David Robinson ya ji rauni, muka ci wasa 20, ƙuri'a ta ba mu Tim Duncan. Kofi biyar ke nan, daga 1999 zuwa 2014. Amma yaron gida ya tarar a share: ga Robinson ya warke, ga koci Popovich. Ku kango kuka kai yaranku, babu babba ko ɗaya da zai nuna musu hanya.

Baƙon Michigan: Ina aiki kusa da Detroit, na shiga filin a kakar 2023-24 lokacin da ƙungiyarmu Pistons ke jera faɗuwar nan 28. Tikiti ya yi arha har abokin aikina ya ba ni nasa kyauta. Rabin kujeru wayam, Cunningham shi kaɗai yake ta fama. Muka ƙare da nasara 14, mu ne kutal, ranar ƙuri'a kuma muka faɗo na biyar. A lokacin, bisa dokar 2019, ƙungiyoyi ukun ƙarshe kashi 14 cikin ɗari kowace ke da shi na samun zaɓin farko.

Hajiyar Denver: Tauraronmu Jokić na 41 aka ɗauke shi a 2014, kofi a 2023. Ban taɓa yin addu'ar mu faɗi ba.

Tsohon Hannu: 'Ya'yana, ni na ga duka biyun. Hakeem Olajuwon ɗan Legas, na ɗaya a 1984, ya kawo wa Houston kofi a 1994 da 1995. Kaset ake kawo mana mu kalla bayan makonni. Da Clippers suka ɗauki Olowokandi na ɗaya a 1998, na ce ga wani Hakeem ɗin, har na sayi rigarsa a gwanjo. Ashe Nowitzki na zaune a na tara, Paul Pierce a na goma.

Mai-Sixers: Baba, rigar tana nan? In haɗa ta da ta Fultz ɗina.