Wace kalma za mu ba "class" a finafinan 'yan sakandare?

Mai fassara, Jidda

Assalamu alaikum. Malamai da iyaye, ina neman shawara kan kalmomi biyu da ke tsaya wa mai rubuta fassara a ƙasan hoto. Tun da aka sake buɗe sinima a Riyad cikin Afrilun 2018, yaranmu sun ƙara kallon finafinan Amurka na 'yan sakandare, kuma yawancin rigimar cikinsu kan kuɗi take: wa ke zuwa makaranta da motar da ubansa ya saya masa, wa ke tsaron kanti bayan an tashi. Kalmar farko sunan irin fim ɗin ne, "coming-of-age". Ta biyu "class", wato hawan da mutane ke rabuwa a kai ta fuskar dukiya, wadda Larabawa ke cewa ɗabaƙa. A tuna da ƙa'idar aikin: layi biyu kacal a allo, kowane layi kada ya wuce harafi 42 har da tazara, kuma rubutu ba ya wuce daƙiƙa 7 kafin ya sauka. Doguwar jimla ba ta da mazauni.

Malamin Larabci, Madina

Wa alaikumus salam. Ta farkon ba ta da wuya, amma a guji "fim ɗin balaga". Balaga magana ce ta fiƙihu, alamomi a jiki da ranar da alƙalami ya hau kan mutum, kuma uban da ya ga wannan suna zai zaci abin kunya ne a ciki. Abin da ake nufi shi ne yaro ya shiga labari da ƙuruciya, ya fita ya mallaki hankalin kansa. "Fim ɗin tasowa" ya wadatar.

Ta biyun ni dai ɗabaƙa nake gani. Mun san ta a ɗabaƙun sahabbai da tabi'ai, ma'anarta hawa kan hawa, kuma harafi shida ce.

Hajiya mai gyaran rubutu, Makka

Allah ya gafarta Malam, tasowa ta zauna. Ɗabaƙa kuwa ɗan unguwar Misfala ta nan Makka zai gane ta nan take, amma fassarar nan ana tura ta Kano da Maraɗi, inda kalmar ba ta cika fita daga zauren karatu ba. Kuma ƙamshin littafi gare ta. Yarinya 'yar shekara 17 ba za ta ce wa saurayi "ɗabaƙarmu ba ɗaya ba" ba.

Babban abin gudu shi ne "aji". A wani labarin ta kan wuce, amma waɗannan finafinai a makaranta ake yin su. In ka rubuta "ajinmu ba ɗaya ba" alhali ga su nan zaune a ɗaki guda gaban malami guda, mai kallo zai ce fassarar ta yi ƙarya. The Breakfast Club na 1985 ya isa misali: ɗalibai biyar aka tsare ranar Asabar a ɗakin karatu ɗaya, kuma da abincin rana da 'yan kunne ake nuna tazarar da ke tsakaninsu, ɗaya ta zo da sushi da lu'ulu'u a kunne, wani bai zo da komai ba. Sa "aji" a nan ɓata labarin ne gaba ɗaya.

Ɗalibin jami'a, Riyad

Mama Hajiya, to "matsayi" fa? Ko "asali"?

Hajiya mai gyaran rubutu, Makka

Ɗana, asali jini ne da tushe. Mutum na iya zama ɗan asali aljihunsa wayam, wani kuma ga dukiya ana yi masa gorin asali. Finafinan nan ba su damu da kakan kowa ba sai nadiran, albashin uba da unguwa suke aunawa. Matsayi ita kaɗai kuma tana karkata ga muƙami, kamar matsayin mutum a ofis. Amma yaro ɗan sakandare ba shi da muƙami, na gidansu yake ɗauke da shi. Don haka nake cewa "matsayin gida". Harafi 13 ne, kuma ya yi daidai da tambayar da Bahaushe ke yi tun fil azal: ɗan gidan wa ne?

Tsohon mai fassarar rediyo, Jidda

Na goyi bayan Hajiya, da sharaɗi ɗaya. "Matsayin gida" ta bayani ce, a sa ta a taƙaitaccen labarin fim ko sharhi. A bakin 'yan wasa kuwa kada a bi kalma, a bi abin da Bahaushe zai faɗa in ransa ya ɓaci. "Ba sa'arka ba ce." "Kowa ya san gidan ubansa." In uwa ce ke jan kunnen 'yarta, "ƙwarya ta bi ƙwarya" ta gama magana, ba sai an ƙarasa da akushi ba, mai kallo zai ƙarasa da kansa. Pretty in Pink na 1986 kan wannan aka gina shi, 'yar wanda ba shi da tsayayyen aiki, mai ɗinka kayanta da hannunta, da ɗan masu kuɗi wanda abokansa ke zuga shi ya rabu da ita. Har ina ganin wannan reshen na finafinan tasowa a kira shi "labarin ƙwarya da akushi".

Hawa ukun kuma ga yadda nake raba su. Na sama, "masu hannu da shuni" ko "masu hali" in wuri ya ƙure. Na ƙasa, "talakawa" in da zafi aka faɗa, "masu ƙaramin ƙarfi" in da tausayi. Na tsakiya ne ke ba da wahala. Jaridu na rubuta "masu matsakaicin ƙarfi", harafi 22, ya cinye rabin layi kuma ba shi da rai. Ni "masu rufin asiri" nake sawa, harafi 16. Kalmar tana ɗauke da tsoron da ke cikin irin wannan gida: ana ci ana sha, ana biyan kuɗin makaranta, amma in albashin wata biyu ya tsaya asiri ya tonu. A Lady Bird na 2017 haka abin yake. Uba ya rasa aiki, uwa na ninka aikin asibiti, 'yar kuma ta nuna wa ƙawa wani katafaren gida ta ce nasu ne.

Malamin Larabci, Madina

Na janye ɗabaƙa, sai dai a rubutun ilimi. Amma rufin asiri yabo ne a wurinmu, addu'a ce ma. In ɗan fim ya faɗi "middle class" da raini, yana nufin mutane marasa armashi, yaya ke nan?

Tsohon mai fassarar rediyo, Jidda

Gaskiyarka, Malam. A nan ba ta shiga. Sai a dubi fuskar mai magana a sa "'yan albashi" ko "gama-gari". Kalma ɗaya ba za ta ɗauki yabo da zagi a lokaci guda ba.

Ɗalibin jami'a, Riyad

Baba, saura "old money" da "new money", sai wanda ke karatu da minha, wato tallafin karatu, a makarantar masu kuɗi.

Tsohon mai fassarar rediyo, Jidda

Na farkon Hausa ta riga ta yanke: gado da haye. Yadda ake cewa maƙeri ɗan gado ne ko ɗan haye, haka za ka ce "arzikin gado" da "arzikin haye". Rainin da ake bukata yana cikin haye ɗin.

Minha kuwa a kiyaye. A nan Saudiyya ɗan minha abin alfahari ne, wanda aka zaɓo ya zo Jami'ar Musulunci ta Madina. A finafinan nan tabo ce, shaidar cewa ubanka ba zai iya biya ba. "Ɗan tallafi" ta fi kusa, in gori ne kuma "wanda ake biya wa".

Hajiya mai gyaran rubutu, Makka

A ƙara da "wrong side of the tracks", wato ɓangaren talakawa na gari, can hayin layin dogo. Kada a sa "bayan gari", kowa ya san inda hankali zai tafi. Kada kuma a mayar da ita "kudancin gari" don a Jidda arewa ce ta masu hali, kowane birni da tsarinsa. A littafin The Outsiders na 1967 yamma ce ta masu kuɗi, gabas ta talakawa. A bar dogon a ciki, "tsallaken dogo", domin a Lady Bird saurayin ya faɗa a gaban iyayenta cewa ashe da gaske akwai layin dogo a hanyar gidan, kuma fuskar uwar a lokacin ba za ta yi ma'ana ba in an cire shi tun farko.

Mai fassara, Jidda

Na gode, Allah ya ƙara sani. Zan gyara fayilolin yau. Masu karɓa su adana su a tsarin haruffa na UTF-8, domin na'urar da aka saita kan tsarin haruffan Larabci tana mayar da ƙ da ɗ da ɓ alamar tambaya ko wasu baƙaƙe, sai ƙwarya ta fito ba kai.