"Docker yaudara ce zalla": yadda aka kwashe a zauren masu rubuta manhaja

Ɗan Sabon Gari: Assalamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cikina ko da za a cire ni daga zauren nan. Docker yaudara ce zalla. Tun bayan isha'i nake fama har aka kira assalatu. Manhajar lissafin kaya nake haɗa wa wani mai shago. Da Docker, mai tafiyar da kowace manhaja a keɓaɓɓen mazauni da ake kira kwantena, na tayar da kwantena biyu, ɗaya manhajar ce mai suna app, ɗayar rumbun bayanai na Postgres na sa mata db. Ƙananan kwamfutoci biyu a cikin laftof ɗaya, amma sun ƙi gaisawa. Na kira db da sunanta, wai ba a san ta ba. Na buga `docker network connect bridge db`, ya ce ai tana ciki tuni. To in tana ciki me ya hana ta amsawa? Na haƙura na sa lambar IP ɗinta, wato adireshinta a netwok, 172.17.0.3, abu ya tashi. NEPA suka ɗauke wuta, batir ya mutu, da na kunna sai lambar ta koma 172.17.0.2. Wannan umarni na connect ado ne kawai. Wanda ya isa ya musa.

Malam Sudo: Wa alaikumus salam. Sannu da fama. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba: kwantena ba kwamfuta ba ce, ƙarama ko babba.

Ɗan Sabon Gari: Malam, ba wannan na kawo ba.

Malam Sudo: Ai daga nan cutar take. Shiga cikin kwantenar ka buga `uname -r`, ka fito ka buga a uwar na'urar. Kanel ɗaya, wato zuciyar Linux, za ka gani. Ka buga `ps aux` a waje, ga postgres ɗin nan zaune cikin sauran ayyuka. Aiki ne kawai da Linux ya zagaye da katanga.

Injiniya Kura: Haba Malam. Abin da ke da lambar IP tasa, da sunansa, da localhost nasa (sunan da na'ura ke kiran kanta da shi), ka ce ba kwamfuta ba? Ni haka nake koya wa yarana kuma suna ganewa.

Malam Sudo: Ɗan haya ma yana da ɗakinsa da makullinsa, hakan bai sa ya zama mai gida ba. Allah ya ji ƙan yaran nan.

Injiniya Kura: Yaran nan da kake wa addu'a, uku a cikinsu suna aiki da kamfanonin waje. Naka fa?

Maman Hanif: Ɗan Sabon Gari, bari in amsa maka abin da ka tambaya. Umarnin lafiyarsa ƙalau. Duk kwantenar da ka tayar ba ka faɗi netwok ba, Docker na jefa ta a netwok ɗinsa na asali mai suna bridge, wanda ke kan docker0, mai lambobin 172.17. A can ba a fassara suna zuwa lamba, kuma lambobin bi da bi ake rabawa, wadda ta riga tashi ta ɗauki ta farko. Shi ya sa suka sauya bayan wuta. Ƙirƙiri naka:
`docker network create shago`
`docker network connect shago db`
`docker network connect shago app`
Ba sai ka kashe su ba. Kowace za ta sami katin netwok na biyu, kuma DNS ɗin Docker, mai fassara suna zuwa lamba, da ke 127.0.0.11 zai gane db da sunanta. Tun 2016 wannan yake nan. Duba da `docker network inspect shago`, za ka ga su biyun.

Injiniya Kura: Yawwa! Kun ji ko? KATIN NETWOK. Me ke ɗaukar katin netwok in ba kwamfuta ba? Anti na gode.

Maman Hanif: Ni ban shiga rigimarku ba, Injiniya.

Malam Sudo: Katin bogi ne, veth, igiya ce mai baki biyu da kanel ya ƙirƙira. Hajiya ta sani.

Sabon Shiga: Yayyena a gafarce ni. Ni a Windows nake, na buɗe jerin ayyuka ban ga postgres ba kamar yadda Malam ya ce.

Injiniya Kura: Allahu akbar. Daga bakin yaro. Saboda Docker Desktop sai ya tayar da Linux na daban ta WSL 2, hanyar tafiyar da Linux a cikin Windows, kafin kwantena ta motsa. To Malam, wannan me sunansa?

Malam Sudo: Wannan ita ce kwamfutar, kwantenar kuma tana cikinta. Ka ƙara tabbatar da maganata ne ba ka sani ba. Kuma dai wanda ke danna maɓallai a Windows, yana tsoron baƙin allo, ba shi zai yi mana fatawa ba.

Sabon Shiga: Malam ni tambaya kawai na yi.

Injiniya Kura: Wannan raini shi ke korar yara daga harkar nan. Ba kowa ke da laftof biyu ba. Yaro na yin aikin makaranta da Word a na'ura ɗaya, ka ce ya goge Windows?

Malam Sudo: Ni a na'ura mai 2 GB kacal na fara.

Injiniya Kura: An fara. Saura labarin tafiya makaranta a ƙasa ba takalmi.

Ɗan Maraɗi: Ni abin da ke ba ni dariya, kuna faɗa kan kwamfuta alhali kwantena ɗin ma ba Hausa ba ce. Mazubi ya kamata a ce. Kuma netwok ɗin nan naku, mu nan rezo muke cewa.

Injiniya Kura: To rezo ɗin Hausar Daura ce? Mazubi kuma ai sai ka ce fura za a dama.

Ɗan Maraɗi: Aƙalla mazubi kakarka ta san shi.

Malam Sudo: Kwantena ta zauna a bakin mutane, duk ɗan kasuwar da ke jiran kaya daga Apapa ya san ta. Alamar Docker ma kifi ne ɗauke da kwantenoni. A bar ta haka. Kwamfuta ce dai ban yarda ba.

Oga Sharp: Surutu ya yi yawa. Ɗan'uwa, sa `-p 5432:5432` ka buɗe ƙofar Postgres, ko ka tayar da duka da `--network host`, ka je ka yi barci. Ni haka nake yi shekara uku, ba abin da ya faru.

Maman Hanif: Don Allah kar ka yi haka a saba, wato kwamfutar da ake shiga ta intanet. In ka buɗe 5432 haka, Docker na rubuta dokokinsa kai tsaye a iptables, mai tsara shige da fice na netwok a Linux, katangar tsaro ta ufw ba ta tare ta. Kana ganin ka kulle ƙofa alhali rumbun bayanan mai shago na kallon titi. Kwantenoni biyu da ke netwok ɗaya ba sa buƙatar `-p` don su yi magana. In dole ne, sa `127.0.0.1:5432:5432`.

Oga Sharp: Wa zai zo satar lissafin omo da maggi?

Maman Hanif: Ba mutum ke zuwa ba, manhajoji ne ke zagaya intanet dare da rana suna murɗa kowace ƙofa.

Oga Sharp: Ni dai shekara uku.

Shugaban Zaure: Duk wannan wahalar, da Podman ne, kishiyar Docker, da ba a yi ta ba. Ba wani daemon, aikin da ke gudana a bayan fage, da ke zaune da ikon root, wato cikakken iko a na'ura. Kamfanin Red Hat da ya yi shi ya gama magana.

Maman Hanif: Ranka ya daɗe, Podman ma netwok ɗinsa na asali ba ya fassara suna. Sai ka ƙirƙiri naka, daidai da nan.

Shugaban Zaure: Wannan wata magana ce daban.

Ɗan Sabon Gari: Wai ni na kawo kuka, an koma cin naman juna. Saƙo ya fi ɗari, ba wanda ya ce mini ga abin da zan buga.

Sabon Shiga: Yaya, Anti ta rubuta maka a sama.

Injiniya Kura: Malam har yanzu bai amsa mini batun localhost ba.

Malam Sudo: Na amsa tun ɗazu, da ɗan haya.

Shugaban Zaure: To jama'a, azahar ta yi, zan rufe wannan babin. Ga abin da aka cim ma. Ɗan'uwanmu ya kawo ƙorafi kan raunin Docker wajen haɗa kwantenoni, kuma ba a samu wanda ya iya kare shi da hujja ba. Hajiya ma da kanta ta tabbatar cewa Docker na tsallake ufw, abin da na daɗe ina faɗa a nan. Batun kwamfuta, mafi rinjaye suna tare da Malam Sudo. Shawarar mazubi an ji. Masu Windows a ci gaba da haƙuri da su. Ranar Asabar bayan la'asar zan yi darasin sauya sheƙa zuwa Podman, kowa ya zo da data. An rufe.

Injiniya Kura: Wane rinjaye? Wa ya ƙirga?

Ɗan Sabon Gari: Ya yi aiki. Na goge komai na sake sa lambar IP ɗin. Allah dai ya sa kar a ɗauke wuta.