Na naɗi hira 9, na rasa inda zan dosa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min. Shekarata 11 ina aikin rigakafi a wani ƙaramin asibiti a Agege, bara na shiga digiri na biyu kan lafiyar al'umma bayan na yaye autana. Bincikena kan matanmu ne da ke kawo yaro allurar sati 6, sai su ɓace, ba ta sati 10, ba ta sati 14, balle ta ƙyanda a wata 9. Malamina ya ce dalili ake nema, in zauna da su in saurara. Na tara mata rukuni biyu, na yi hira ɗaiɗai da bakwai. Kowa "lafiya lau, mantuwa ce". A rukunin farko wata tsohuwar ungozoma ce ta amsa wa kowa. Malamin ba ya jin Hausa, kuma wata uku ya rage min.

Malam na Idi-Araba: Hajiya, kin ɗauko wa kanki wahala. Buga takardar tambayoyi, raba wa mata 400, zuba a manhajar lissafi ta SPSS. Kwamitin duba binciken lamba yake so.

Maman Hanifa: A'a Malam, takarda za ta gaya mata nawa ne suka daina, ba za ta gaya mata me ya sa ba. 'Yar uwa, a ina kika zauna da su? Kuma kada ki sake haɗa amarya da sa'ar surukarta, kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki ba. Mutum 6 zuwa 8 masu kusan shekaru ɗaya.

Mai tambaya: A asibitinmu, ranar awo, da kayan aikina. In ba da farin kayan nan ba, wane maigida zai yarda matarsa ta yi magana da ni?

Maman Hanifa: To ai ke suke ɓuyar wa tun farko. Wa zai ce wa mai allura "kun yi min tsawa"?

Ɗan Mile 12: Ni rubuta hirar ce ta ishe ni. Awa ɗaya ta ci min kusan awa biyar, ga fassara. Wata ƙungiya na yi wa, har yau ba su cika min kuɗina ba. Kuma da ka miƙa takardar yarda a sa hannu, sai dattawa su tuno gwajin maganin sanƙarau na Kano a 1996.

Malam na Idi-Araba: Kun gani? Ba NVivo, manhajar nazarin hira, gare ta ba, ba lokaci. Na duba ɗalibai da yawa, Hajiya ki ji tawa.

Maman Hanifa: Hira 9 ba ta bukatar manhaja. Ki rubuta da Hausa yadda aka faɗa, ki ja layi ƙarƙashin maganar da ke maimaituwa, ki fassara daga baya. Kalma kamar "shawara" ko "iska" in kika yi saurin juya ta Turanci, kin zubar da abin da kika je nema.

Mai tambaya: Na gode. Amma gidajensu ba zan iya bi ba, ƙarfe huɗu nake tashi daga aiki, ga cunkoso. Kuma ban yarda tsorona suke ji ba, 'ya'yansu a hannuna suka girma. Tambayata dai, tara ɗin nan za su isa ko in ƙara?