Kunna wa tsuntsu kukan ɗan'uwansa don a samu hoto: dabara ce ko cutarwa?

Auwalu Mai Kamara: Assalamu alaikum jama'a. Na ga ƙurar da hoton tsuntsun da na saka jiya ya tayar kan kiran sa da aka yi da waya, to ga yadda aka yi. Tsuntsun nan shi ne masana ke kira Trogon personatus. A kwarin Tandayapa na ɗauke shi, cikin tsaunukan ƙasar Ikwado ta Kudancin Amurka, tafiyar kamar awa biyu daga birnin Kito. Kwana uku muna shiga kurmi tun asuba, hazo ya lulluɓe ko'ina, ruwa na ɗiga daga ganye, gilashin kamara sai gumi yake yi. Shi kuwa tsuntsun in ya zauna a reshe kamar an dasa shi, ya juya maka koren bayansa, sai ka wuce ta ƙarƙashinsa ba ka sani ba. A rana ta uku ɗan rakiyarmu ya kunna kukansa a waya, bai kai minti ɗaya ba sai ga shi ya sauko: jan ciki, farin layi a ƙirji, baƙar fuska kamar ya ja amawali, ga jan zobe kewaye da ido. Na ɗauka, aka kashe waya, ya tafi abinsa. Ni a ganina babu wata cutarwa a nan.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Malam Auwalu, hoton ya yi kyau, wannan babu musu. Amma ka tambayi kanka me ya sauko da shi? Ba sha'awar ganinka ba ce. Ya ji muryar wani namiji a cikin yankinsa, ya taho neman faɗa ko korar baƙo. Ya duba bai ga kowa ba. Lokacin da zai ci abinci ko ya kula da sheƙa, ya ɓata shi wajen neman abokin gabar da babu shi. Kuma irin wannan tsuntsu a kogon ruɓaɓɓen itace yake ƙwai, mace da namiji suna karɓa-karɓa wajen kwanci. In a lokacin kwanci aka kira shi fa?

Nura: Malama, da girmamawa, ai a daji kullum yana jin kukan wasu mazan. Minti ɗaya na waya zai fi abin da yake ji daga safe zuwa yamma?

Malama Hadiza: Ƙanena, minti ɗaya ne a wurin Malam Auwalu. A wurin tsuntsun kuwa, motar baƙi ta safe ta kunna, ta hantsi ta kunna, ta la'asar ta kunna, gobe ma haka, a reshe guda, domin 'yan rakiya duk sun san inda yake zama. A nan gizo ke saƙar.

Auwalu Mai Kamara: To ai an gwada wannan, kuma a Ikwadon ma. A 2013 masu bincike biyu, Harris da Haskell, sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi a kan tsuntsayen kurmi iri biyu. Da aka yi ta maimaita wa iri ɗaya daga cikinsu kukan kullum, bayan kamar kwana 12 suka saba, suka rage kulawa. Har wasu ma'aurata suka yi sheƙa kusa da lasifikar. In da azaba ce, za su gina gida a bakinta?

Malama Hadiza: Na san binciken, kuma ka karanto rabi ka bar rabi. Da farko sun ƙara yawan kuka sosai, wato ƙarfinsu ya tafi a banza. Sabon da kake murna da shi ma abin dubawa ne: tsuntsun da ya koyi yin biris da muryar baƙo, ranar da baƙon gaske ya shigo masa fa? Sannan iri biyu aka gwada, ba trogon ɗinka a ciki. Ba don wasa ba gandayen dajin gwamnatin Amurka suka hana kiran namun daji da na'urar sauti.

Baba Ɗanjuma: 'Ya'yana ku saurara. Ni a gidan mafarauta na tashi. Mahaifina yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya sunkuya yana sassarfa cikin ciyawa yana kaɗa kai, har ya kai kusa da nama ba a gane shi ba. Yakan kwaikwayi kukan tsuntsu da baki ma. Amma bai taɓa ce mana wasa yake yi da su ba, ya san yaudara ce, kuma ya san don me yake yi: tukunya ce ke jira a gida. Da damina ta kankama, dabbobi suka shiga haihuwa, sai ya rataye kayan. Kai Auwalu, ba na ce ka yi kisa ba, amma kayan mafarauci ka ɗauka. Wanda ya ɗauki kayan mafarauci, to ya ɗauki ƙa'idarsa ma, ya san lokacin da ake rataye su.

Auwalu Mai Kamara: Allah ya ƙara girma, Baba. Na karɓi wannan. Sai dai a duba ɗaya gefen. Mutanen yankin nan da kuɗin masu kallon tsuntsu suke cin abinci. Kusa da garin Mindo, a Ikwadon, akwai wani manomi, Angel Paz, wanda tun wajajen 2005 ya saba wa wata tsuntsuwar ƙasa mai tsananin ɓuya da cin tana daga wurinsa, har ya raɗa mata suna Mariya. Baƙi suka riƙa zuwa daga ko'ina, kurmin gonarsa ya tsira daga gatari. In baƙo ya biya kuɗin jirgi ya koma bai ga komai ba, gobe ba zai dawo ba, kurmin kuma ya zama makiyayar shanu.

Yaya Rabi: Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma ka lura Angel Paz abinci yake ba ta. Ta zo ta ci ta ƙoshi. Naka ya zo a fusace ya koma da yunwarsa. Ba ɗaya ba ne.

Ni abin da ya fi damuna shi ne mu riƙa yi wa tsuntsaye kuɗin goro. Trogon ɗin nan yana da yawa a tsaunukan Andis, daga Benezuwela har Bolibiya. Amma akwai wani mai baƙar fuskar, Heliopais personatus, tsuntsun ruwa mai rawayan baki da korayen ƙafafu, wanda ya rage a wurare irin kurmin bakin teku na Sundarbans a Bangladash da wani yanki na Kambodiya. Ƙiyasin da aka fitar a 2020 ya ce tsakanin 108 ne zuwa 304 suka rage a duniya kaf. A kan reshen da ya rankwafo bisa ruwa yake sheƙa. Ka ce kwale-kwale cike da masu kamara ya matso ana kunna masa kuka, uwa ta tashi daga kan ƙwai? A irin wannan, ko daƙiƙa ɗaya ban yarda ba. Shi ya sa ma manhajar eBird, inda masu kallon tsuntsaye ke rubuta abin da suka gani, take ɓoye ainihin wurin da aka ga wasu tsuntsayen da ke cikin haɗari.

Nura: Yaya, a kan wannan kam ba ni da ja. Amma wanda ba shi da kwana goma na jira fa? Haƙuri ma sai da guzuri.

Malama Hadiza: Sai ya dawo da hoton da Allah ya ba shi. Ku bari in ba ku nawa. Da daminar bara na zauna a gindin wata ƙaya a bayan garinmu, inda kabare ke saƙa, irin mai baƙar fuska da jan ido, ba mai baƙin kai duka ba. Na girke kamara tun kafin rana ta fito, na lulluɓa da tsohon mayafi mai ruwan ƙasa, ban motsa ba. Safiya ta farko suka gudu. Ta biyu suna leƙena. Ta huɗu namijin ya manta da ni: ya tsago ɗanyar ciyawa da baki, ya danne da ƙafa, ya zura ta ya jawo ta ɗaya gefen kamar mai ɗinkin hula, sannan ya rataye a ƙarƙashin sheƙar kai ƙasa yana karkaɗa fiffike don mace ta zo dubawa. Wayar da za ta sa tsuntsu ya yi maka wannan ba a ƙera ta ba. Ku duba hotunan da aka samu da kira, kusan duk tsayuwa ɗaya ce: wuya a miƙe, ido a zare.

Auwalu Mai Kamara: Na koma na zuƙo hoton nawa yanzu. Gaskiya wuyan a miƙe yake. Har yanzu ban yarda cewa kira ɗaya ga tsuntsu mai yawa, ba a lokacin ƙwai ba, laifi ne. Abin da na kasa amsawa shi ne ban tambayi ɗan rakiyar ko lokacin ƙwai ne ba, kuma ban tambaye shi sau nawa ya kunna a wannan reshen cikin makon ba. Zan rubuta a ƙarƙashin hoton cewa da kira aka same shi.

Baba Ɗanjuma: Madalla. Hadiza 'yata, kabaren naku sun fara saƙa bana?

Malama Hadiza: Sun fara, Baba, sheƙa uku na ƙirga shekaranjiya. Mai zuwa ya zo ranar Asabar kafin ƙarfe shida, da tufafi marasa haske, waya kuma a aljihu.